Awon Kaka

Zahiru ɗan Manzo tela ya sauka tashar Malanbil bayan la'asar, ƙafafunshi sun kumbura cikin takalmi. Tun asuba shike zaune cikin kar, babbar motar fasinja, daga Kwatano, gwiwa manne da kujerar gaba. Jaka guda gare shi, sai wata doguwar takarda da ya naɗe kamar tabarma. Mai kabu-kabun da ya ɗauke shi ya tambaye shi ko zanen gida ne, ya ce a'a, riga ce. Mutumin bai sake yi mishi magana ba har ƙofar gida.

Wata ukku ke nan da shigarshi makarantar zane da ɗinki ta can kudu. Shi ne na farko cikin danginsu da ya ci jarrabawar bak, ta gama sakandare. Da anka tambaye shi abin da za shi karanta ya ce tufafi, ubanshi ya ce, "Tufafi ga su nan cike da shago, zo ka karanta." Amma ya bar shi ya tahi. Zahiru kuwa da girman kai ya tahi, don tun shina shekara goma shike taka keken ɗinki. A ranshi shi za shi koya musu.

Sati na farko ko keke ba su gani ba. Anka ba su kereyon, wato fensir, su yi ta zana da'ira da hannu har yatsu sunka ƙage. Sati na biyu anka ba su guntayen yadi su ƙona da ashana, su shinshina, su faɗi wane ne auduga wane ne roba. Wannan kam ya iya. Sati na ukku anka kawo mutum-mutumin mace, ba kai ba hannu, an soke shi bisa sanda, anka ce su lulluɓe shi da akoko su kafe da allura. Ya yi, shina kau da kai. Abincin garin bai karɓe shi ba, ɗakin haya su huɗu ne ciki, ga jiki kullum jiƙe da zufa. Duk wannan ya daure.

Abin da ya kada shi ranar awo ce. Madam, malamar yanka, gajeruwa mai tabarau wadda metir ɗin awo ba shi barin wuyanta, ta raba su bibbiyu ta ce kowa shi auna ɗan'uwanshi, wuri ashirin da biyu. Zahiru ya faɗa kan wata yarinya 'yar kudu. Ta ɗaga hannuwa sama tana taunar cingam, tana jiran shi zagaye ƙirjinta da metir. Ya tsaya riƙe da abin. Can ya ce mata da Faransanci, cikin ladabi, ta taimaka gobe ta kawo mishi tsohuwar rigarta. Aji ya ɗauki dariya har da masu bugun tebur.

Shi ba wasa ya yi ba. Haka ake yi a shagon Manzo. Mace ba ta zuwa a auna ta. Yadinta take aikowa, ta ƙunsa tsohuwar rigar da ke mata daidai, ta haɗa da saƙo, a ƙara kaɗan a hannu, ko wuyan waccan ya yi faɗi. Tela shi shimfiɗa tsohuwar bisa sabon yadi, shi bi da alli, shi yanka. Shekara talatin Manzo na haka, ba a taɓa mayar mishi da riga ba sai ta mai neman faɗa.

To, Zahiru ya dubi yarinyar da ido ya cika takardarshi da lambobi. Rigar da ta hito ta shaƙe ta a hamata, ta yi buhu a baya. Madam ta cire metir ɗin wuyanta, ta auna yarinyar gaban kowa, tana faɗin lamba tana duba tashi. Cikin ashirin da biyu, huɗu ya dace.

"Ba kuskure ka yi ba," in ji Madam. "Ƙarya ka rubuta."

Ranar da za a ba da hutu ta kira shi ita kaɗai. Ta ce hannunshi na da kyau bisa keke, amma masu hannu cike suke da kasuwa. Shi tahi gida shi samu mace mai rai, ko wace ce, shi auna ta da hannunshi. Shi dawo da takardar awo, da hoton shina aunawa, da hoton matar sanye da rigar, da rigar kanta. In babu, kar shi wahal da kanshi da hawan kar, akwai masu jiran kujerarshi. Kwana goma sha huɗu ta ba shi.

Washegarin isowarshi gida da sahe ya iske uwarshi Habsatu tsakar gida tana tsince shinkafa. Ya tsuguna ya gaishe ta, ya ɗan taya ta, sannan ya ce, "Inna, aiki anka ba ni. Ina son in auna ki."

"Da me? Da tiyar hatsi?"

Ya zaro metir daga aljihu.

"Rigata na bisa igiya, ɗauka. Ba jar ba, waccan ta matse ni."

"Ba riga ba, Inna. Jiki anka ce."

Ta daina tsintar. Ta dube shi, ta dubi metir ɗin. "Abin da suke koya muku ke nan? Ka zagaye uwarka da igiya?"

"Minti goma ne. Bisa tufafinki ma."

"Ranar da babana ya cika, maƙwabcinmu Issufu ya shigo da karan dawa, ya gwada shi daga kai har diddige, ya karya karan ya kai ma masu gina kabari. Ina tsaye. Awon mutum da na sani ke nan, kuma ban shirya ba tukuna. Mai da abinka aljihu."

"Inna, a likita ma ai ana aunawa."

"Lahiyayye na zuwa likita?"

Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Ya san ta. In ta mai da kai bisa faifai, magana ta ƙare.

Ya tahi shago. Shagon Manzo na bakin layin masu atamfa, keke biyu ne ciki, ɗaya Manzo ke kai, ɗaya an ruhe da tsohon zane tun tahiyar Zahiru. Manzo ya saurare shi allura na bakinshi.

"Rubuta musu lamba mana. Wa za shi sani?"

"Na yi, Baba. An kama ni."

"To zo ka auna ni. Ni samari sun saba da ni, har wando nake gwada musu."

"Mace anka ce."

"Garin nan duka wace mace za ta tsaya maka ka taɓa ta? Ka je gidan mutane da igiya a karya maka hannu." Ya cire allurar ya soka a hula. "Wata ukku can, ko maɓalli ba ka kawo min ka ce ga abin da ka koya ba. Takarda ka kawo."

Saura yayarshi Laila. Tana aure can wajen hanyar Garu, gidan Na-Allah dillalin albasa. Ita dariya ta yi ta ce shi zo, me ke ciki. Ya je da la'asar ya iske Na-Allah bisa benci ƙofar gida, shina wanke ƙafa da buta. Ya yi mishi bayani tiryan-tiryan.

"Zahiru, ka dubi yayarka da kyau kuwa?" in ji Na-Allah. "Wata shida gare ta. Mutum biyu za ka auna min, ɗaya ko suna bai samu ba. Sannan ka ɗauki hotonta ka kai Kwatano a manna a bango. Ina ganin girmanka, ɗan makaranta. Shiga ka sha hura."

Ya shiga ya sha hurar, don ba abin da za shi yi.

Kwana biyar sunka tahi haka. Da sahe shi hita kamar mai zuwa wani wuri, shi ƙare bakin gada, shi zauna bisa dutse shina kallon manyan motoci sun yi layi gaban duwan, ofishin kwastan, mata na ƙetarewa Gaya da kaya bisa kai. Ba shi tunanin komi mai tsawo. Gajiya ce kawai, irin wadda barci ba shi kashewa. Wani lokaci shi ji kamar ma gara haka. Ba sauran da'ira, ba sauran dariyar aji, ba sauran tuwon masara mai tsami. Rana ta biyar da ya biya shago, ya ga an yaye zanen da ke bisa keke na biyu, an share shi, an sa mishi mai. Ya kau da kai ya wuce.

Rana ta shida shina wanke baki bakin rariya ya ji murya daga ɗakin baya.

"Mai gida. Zo nan, malalacin miji."

Kaka ce, uwar Habsatu. Tun shina rarrafe take kiran shi mijinta, kamar yadda kakanni ke yi da jikoki. Shekara arba'in ta yi tana ɗaukar bandar kihi daga ƙauyukan bakin Kwara tana kaiwa kasuwa, wani zubin har Gaya da ƙafa. Yanzu bayanta ya tanƙware, in tana tahiya ƙasa take kallo. Tana zaune bisa tabarma tana daka goro a ƙaramin turmi, don haƙoran sun ƙare.

"Na ji ka zagaye matan gari kana roƙo, duk sun kore ka. Ni ba mace ba ce?"

Gaskiya ko sau ɗaya ba ta faɗo mishi a rai ba. Matan da ke cikin littattafan makaranta duk dogaye ne miƙaƙƙu. Ya ce, "Ke ai kin hi ƙarhina, amarya."

"Rena ni ka yi. Kawo igiyar."

"Kaka, kin ji abin da Inna ta ce."

"Na ji. Ni na haihe ta, tun tana ƙarama tsoron inuwarta take. Likkafanina shekara tara shina cikin akwatin can, har na canza mishi leda sau biyu. Igiyarka ta roba ce za ta kira min mala'ika? Ya san ɗakin. Ranar da anka aiko shi ba sai ka raka shi ba."

Habsatu ta ji daga madafa. Ta hito da muciya a hannu ta tsaya bakin ƙofa. "Inna, don Allah ki bari. Yaro ne, bai san abin da shike yi ba. Ke kin sani."

Kaka ta ba ta amsa da Dandanci, yaren garin, gajeruwa, irin wadda ake ba ƙaramar yarinya. Habsatu ta aje muciyar, ta ɗauki mayahi ta hita gidan maƙwabta, ta bar tukunya bisa wuta.

Anka aika ma Laila ta zo ta riƙe salula don hoto. Sunka hito da Kaka inuwar zaure ta ciki, ta dafa bango. Zahiru ya buɗe takardar awo, ya ciji bik ɗin rubutu, ya fara da wuya. Ya zagaya mata metir. Fatar wuyanta taushi gare ta kamar tsohon yadi, tana warin man kaɗe da hayaƙi.

"Kar ka shaƙe ni ka ce mala'ika ne."

Wuya, talatin da ɗaya. Ya rubuta. Kafaɗar hagu, kafaɗar dama. Ya sake aunawa, don lambobin ba su zo ɗaya ba. Ta dama ta hi sauka da santimetir ukku.

"Wannan ta kwando ce," in ji Kaka. "Da ita nake tallabe shi."

Da ya zo ƙirji ya tsaya, ya dubi takarda. Takarda ta ce a zagaya ta inda ya hi tudu.

"Me kake nema? Sauka ƙasa, mai gida. Sun yi ƙaura tuntuni, suna wajen cibiya."

Laila ta yi dariya har salular ta kusa faɗuwa, ta dafe ciki ta zauna bisa turmi. Zahiru ya zagaya metir ɗin, ya karanta, ya rubuta. Daga nan aiki ya miƙe. Ƙugu, kwatangwalo, damtse, gwiwar hannu, wuyan hannu. Daga maƙogwaro zuwa ƙugu ta gaba ɗan kaɗan ne. Daga ƙeya zuwa ƙugu ta baya kuwa metir ya hau tudu ya sauka, lambar ta kusa ninka ta gaba. A makaranta bai taɓa ganin haka ba.

Na ashirin da biyu shi ne tsayi, daga tsakar kai har ƙasa. Ya karanta layin ya tsaya. Laila ta leƙa takardar, dariyar ta ɗauke daga huskarta.

"Wanga kuma a bar shi mana," in ji Laila. "Riga ce za ka ɗinka, ba hula ba."

"In na bar gurbi ba ta karɓa."

Kaka ta saki bango ta miƙe iyakar miƙewarta. "Yi ka gama, ƙafata ta gaji."

Ya ɗora bakin metir bisa kallabinta, ya sake shi ya bi bayanta har diddige. Ya tsuguna ya karanta. Laila ta ɗauki hoton tana kallon gefe.

"Nawa?"

"Ɗari da arba'in da ɗaya."

"Da na hi haka. Kihi ya cinye sauran." Ta nemi sandarta. "Yadin na cikin akwati, shuɗin nan mai ƙananan ganye. Kar ka taɓa farin."

Aikin ya ci kwana biyar, a shagon ubanshi, bisa teburin ubanshi. A makaranta rabin riga ake zanawa bisa takarda, a ninka yadi biyu a yanka, don hagun mutum da damanshi ɗaya ne. Na Kaka ba ɗaya ba ne. Ya zana rabi ya yaga. Ya zana cikakkiya, ya gwada da akoko, ya kai gida ya ɗora mata, baya ya ɗage gaba ya zubo har cinya. Ya dawo ya zauna gaban takarda ya riƙe kai. Masu wucewa cikin layin na leƙowa su ga ɗan Manzo na yanka takarda da almakashin yadi, su tambayi Manzo ko lahiya.

"Boko ne," Manzo ke ce musu.

Rana ta ukku ga aikin Manzo ya taso za shi alwala, ya tsaya bisa kan teburin, buta a hannu.

"Kana yanka ma wadda ke tsaye. Ita ba ta tsaye. Raba bayan biyu."

Ya wuce abinshi. Zahiru ya raba bayan biyu, ya lanƙwasa ɗinkin tsakiya ya bi tudun, ya tsuke yadin wuri biyu daga kafaɗa, na dama ya hi na hagu zurhi. Ya rage gaba. Ya sauke hamatar dama. Wanga karo akoko ya zauna. Ya shimfiɗa shuɗin yadi ya kafe takardun da allura, ya yi bisimilla ya yanka.

Da ya gama guga Manzo ya ɗauki rigar ya juya cikinta waje. Ya bi ɗinkin baya da babban yatsa tun daga wuya har ƙasa, ya daɗe wajen kafaɗa.

"Kwana biyar riga guda. Da ni ne na yi goma sha biyu." Ya mai da ita daidai ya ninke da kanshi. "In ka buɗe shago da wannan aikin, yunwa za ta kashe ka."

Kaka ta sa rigar da hantsi, Laila ta taya ta. Ta hito tsakar gida ta tsaya. Ta juya wuya hagu, ta juya dama. Ta ɗaga hannu ta sauke. Ta kai yatsa maƙogwaro inda riga ta saba cin ta, ba ta iske komi ba.

"Ba ta ja na," ta ce. "Shekara ashirin riga na shaƙe ni ta gaba tana tsirara ni ta baya. Na ɗauka wuyan ne ya lalace." Ta juya wajen Manzo da ya shigo cin abinci. "Surukina, ashe kai ne."

Manzo ya sunkuyar da kai cikin kwano.

Anka ɗauki hoto. Da anka ce ta tuɓe ta ƙi, sai da Zahiru ya rantse mata za shi maido da ita hutu mai zuwa. Ta ce miji mai ba da riga shi karɓe, Allah shi sawwaƙe. Habsatu na bakin madafa duk lokacin, ta ga rigar sarai. Tun ranar awo gaisuwa kawai ke haɗa ta da ɗanta.

Washegari Kaka ta tashi da tari. Tari ne irin na tsohuwa, wanda take yi duk shekara in sanyi ya shigo, kowa a gidan ya san shi. Amma kahin azahar Ramatu maƙwabciyarsu ta shigo da citta da kanumfari ƙulle a leda, ta duƙa bakin ɗakin baya ta yi sannu, sannan ta juyo wajen Habsatu ta rage murya, ba ta rage sosai ba.

"An ce har tsayi anka ɗauka?"

Habsatu ta ce, "Allah dai shi kyauta."

Zahiru na zaure shina jin su. Ya san tari ba shi da haɗi da metir. Ya sani kamar yadda ya san sunanshi. Duk da haka ya ƙirga, tsakanin azahar da la'asar sau goma sha ɗaya ta yi.

Ranar tahiya ya haɗa jaka bayan sallar asuba. Riga a ƙasa cikin leda, takardar awo cikin littahi. Ya shiga ya yi sallama da Kaka, ta ce shi kawo mata gishirin teku da amarya mai ƙashi. Da ya hito Habsatu na tsugune gaban murhu tana dama koko. Ba ta ɗago ba ta miƙa hannu.

"Ba ni takardar."

"Inna, ita za a duba."

"Riga ka tahi da ita, hoto ka tahi da shi. Awon uwata ba shi barin gidan ga shi shiga hannun waɗanda ban sani ba."

"In babu ita an kore ni."

"Kwana biyar kana kallonta. Ni ban yi karatun lakwal ba, amma na san ɗan da na haifa. Lambobin suna cikin kanka." Ta ɗago ta dube shi, idanunta sun yi ja, ko hayaƙi ne ko rashin barci. "Abin da ke cikin kai, tsakaninka da Allah. Wadda anka rubuta tana tsaye, ita nake so."

Ya tsaya da jaka a kafaɗa. Ba shi da ƙarhin gardama, kwana goma sha ukku sun cinye shi. Ya buɗe littahin ya zaro takardar ya ba ta. Ta tura ta ƙarƙashin tukunya, ta bi da itace ta danne har ta zama toka. Sannan ta zuba mishi koko a kwano, ta sa sukari da yawa yadda shike so.

"Sha. Hanya da nisa."

Sai da kar ta wuce Kandi hanya ta ɗan lafa sannan ya zaro sabuwar takardar awo, ya ɗora bisa gwiwa. Wuya talatin da ɗaya. Kafaɗar hagu, kafaɗar dama. Duk sunka zo, ba wadda ta ɓace. Ya cika ashirin da biyu, ya ninke, ya jingina kai da gilashi ya yi barci har Paraku.

Madam ta karɓi kayan ranar Litinin. Ta dubi hotunan ɗaya bayan ɗaya. Ta shimfiɗa rigar bisa tebur, ta cire metir ta bi ta gaba da baya tana duba takarda. Ta gwada rataya ta ga mutum-mutumin aji, rigar ta karkace ta yi doro, wasu sunka fara dariya. Madam ta dube su ta saman tabarau sunka yi shiru.

"Wace ce?"

"Kakata."

"Hannun dama ya ɗan tattare a hamata. Lahin ƙasa bai yi daidai ba. Goma sha ɗaya bisa ashirin." Ta ninke rigar ta miƙa mishi. "Je ka zauna. Yau wando za mu fara, nemi abokin awo."

Ya je ya zauna a kujerarshi. Ya jira shi ji daɗi, bai ji komi ba sai ciwon baya na kar. Da anka tashi ya kira gida shi faɗa musu. Habsatu ta ɗauka, ta ce to madalla. Ya tambayi Kaka. Ta ce tarin na nan, bai ƙaru ba bai ragu ba, sannan ta ce tukunya na bisa wuta.

Ya zauna makarantar. Ya auna 'yan ajinsu maza da mata har abin ya zama ba komi. Amma tun daga ranar, in salularshi ta yi ƙara ya ga lambar Malanbil ce, sai shi aje almakashi, shi goge hannu a wando, shi bar ta ta yi ta ƙara har ta kusa yankewa kahin shi ɗauka.